Awartaki Ya Riga Allura Zuwa Tamale

Duk wanda ya durƙusa gaban malamin zaure a Zangon Tamale, ko a Yendi, ko a Salaga, har karatu ya kai shi babin diyya a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, ya san kuɗin da fiƙihun Malikiyya ya yanka wa haƙori. Diyyar rai ɗungurungum raƙuma 100 ce, ta yatsa guda raƙuma 10, ta haƙori kuwa raƙuma 5, ba tare da an bambanta na gaba da ake dariya da shi da turmin da ke can lungu ba. Wato haƙori ɗaya kashi ɗaya ne cikin ashirin na diyyar mutum sukutum. Jama'ar da ta daɗe tana karanta wannan hukunci, tana kuma riƙe da asawaki a matsayin sunna, da wuya a ce ba ta san darajar abin da ke bakinta ba. Duk da haka, a Tamale ta arewacin Ghana da ƙauyukan da ke kewaye da ita, haƙorin da ruɓa ta kai ga jijiyarsa yawanci makomarsa guda ce, a tumɓuke shi a yar, alhali an fi shekara ɗari da sanin yadda za a kwashe ruɓar a bar haƙorin a mazauninsa. Bayanin da aka fi yi shi ne wai jahilci ne, ko riƙo da al'ada, ko tsoron asibiti. Ban gamsu da wannan bayani ba. Abin da tarihi ya nuna shi ne, ceton haƙori aiki ne da ke tsaye a kan kaya da yawa, kowannensu ya makara a hanyar arewa saboda shawarar da masu mulki suka yanke, kuma da suka iso daga ƙarshe, sai dokar inshorar lafiya ta ɗauki nauyin cirewa ta bar ceto a aljihun majinyaci.

Sai an san yadda aikin yake kafin a gane abin da ya tsare shi a hanya. Haƙori ba dunƙulallen ƙashi ba ne. A ƙarƙashin farin ɓawon da ake gani akwai ɗan ɗaki mai ɗauke da tsoka mai laushi da jijiyoyin jini da jijiyar da ke jin zafi. Daga ɗakin, siraran hanyoyi sun gangara cikin saiwa har ƙashin muƙamuƙi: hanya ɗaya a yawancin haƙoran gaba, uku ko huɗu a turame, wasu a lanƙwashe, wasu da ƙyar suka fi silin gashi kauri. Idan kogo ya ci ɓawon ya isa ɗakin, ƙwayoyin cuta sai su shiga, tsokar ta kumbura a inda babu filin kumbura, shi ne zugin nan mai hana barci. Bayan kwanaki ko makonni zugin kan lafa, mai ciwo ya yi hamdala yana zaton ya warke, alhali jijiyar ce ta mutu. Daga nan ƙwayoyin cutar sun sami maɓoyar da jini ba ya shiga, don haka babu kafso ko ƙwayar da za a haɗiya ta cim musu a can. Sai su riƙa ɓullowa ta ƙarshen saiwa suna tara mugunya a cikin ƙashi. Aikin jijiyar haƙori, wanda likitoci ke kira rut-kanal, shi ne a yi allurar kashe zafi, a kare haƙorin daga yawu da shimfiɗar roba, a huda shi, a bi kowace hanya da siraran ƙarafa a kankare ta, a wanke da ruwan magani, a cike ta da wani irin ƙaro har ƙarshen saiwa, sannan a toshe ramin, sau da yawa a daɗa wa haƙorin hula don kada ya tsage. Ana ɗaukar hoto kafin a fara, ana cikin yi, da bayan an gama. Wani lokaci zama ɗaya ya isa, wani lokaci sai biyu ko uku. Ke nan ana buƙatar allura, da na'urar hoto, da injin huda, da tukunyar dafa kayan aiki, da ruwa mai tsabta, da hannun da ya ƙware, da majinyacin da zai iya komowa ranar da aka ce ya komo. In ɗaya ya faɗi, sauran sun tashi a banza. Cirewa kuwa awartaki take so da ƙarfin damtse.

Awartakin ya daɗe a ƙasar Dagomba. Tarihin da makaɗan fadar Dagbon suke riƙe da shi ya danganta kafuwar Musulunci a fada da zamanin Naa Zanjina, wajen shekarar 1700, tare da malamai da sana'o'in da suka biyo sawun fatake, har da wanzanci. Hanyar fataken nan ita ce ta goro, wadda ta taso daga Kano da Katsina, ta ratsa Borgu da Sansanin Mango da Yendi, ta sauka Salaga a ƙasar Gwanja. Da yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar Salaga, Hausawa da sauran baƙi suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da Kumasi, kuma da Turawan Ingila suka ɗauke hedkwatarsu ta arewa daga Gambaga zuwa Tamale a 1907, sai zango ya bunƙasa a sabon garin mulkin. Wanzamin zango ba aski kaɗai yake yi ba. Shi ke kaciya, shi ke ƙaho, shi ke cire beli, shi ke tsaga ƙurji, kuma idan haƙori ya gagari kanumfari da jar kanwa da garin taba da tofin malam, wurinsa ake nufa. Idan aka auna aikinsa da ilimin yau, ba a kan ɓata yake ba. Cire ruɓaɓɓen haƙori yana kawar da tushen cutar kacokan, ya buɗe wa mugunya ƙofa, kuma likitan zamani da aka ajiye a ƙauye ba wuta ba na'ura abin da zai yi ke nan. Illar tana wajen saiwar da ta karye ta maƙale, da jinin da ya ƙi tsayawa, da ƙarfen da aka yi wa wani aiki da shi jiya ba a dafa ba.

Masu ɗora laifi a kan al'ada sukan kafa hujja da maganar tsutsar haƙori, da mai maganin kasuwa da ke turara bakin mutum da hayaƙi sannan ya nuna masa wasu farare-farare a cikin ƙwaryar ruwa ya ce ga su nan sun fito. Gaskiya ne ana yin haka, kuma damfara ce. Sai dai tsutsar nan ba 'yar Afirka ta Yamma ba ce. Tana rubuce a allunan yumɓu na tsohuwar ƙasar Iraƙi, ta zauna a littattafan likitocin Turai har ƙarni na 18, kuma Pierre Fauchard na Faransa, wanda ake kira uban likitancin haƙori na zamani, sai da ya ɓata tawada wajen ƙaryata ta a littafinsa na 1728. Tun ƙarni na 13 Aljaubari, mutumin Sham, ya tona asirin masu ɓoye tsutsa a hannu suna sakawa a bakin majinyaci. Ra'ayin ceton haƙori shi ma yana cikin littattafan Larabci tun da daɗewa. Azzahrawi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu wajen 1013, ya gargaɗi ɗalibansa a cikin Attasrif da kada su yi gaggawar cirewa tunda haƙori ba shi da madadi, ya kuma koka da masu ƙaho da ke karya muƙamuƙin mutane. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ba da shawarar a huda haƙori mai zugi don abin da ya taru ciki ya fita, magani ya shiga. Wannan rabin aikin jijiya ne. Ɗaya rabin, wato kashe zafi, da ganin abin da ke cikin ƙashi, da toshe hanyar don kada cutar ta komo, ya gagari kowa a duniya har wasu shekaru 800.

Kayan sun taru ne ɗaya bayan ɗaya a Amurka da Turai cikin shekara ɗari da 'yan kai. A 1836 Shearjashub Spooner ya kawo dabarar kashe jijiya da gubar arsenik, wadda takan ci har dasashi da ƙashi in ta zarce. A 1838 Edwin Maynard ya goge siririn ƙarfen cikin agogo ya mai da shi abin shiga saiwa. Sanford Barnum ya ƙirƙiro shimfiɗar roba a 1864, sannan a 1867 G. A. Bowman ya cike saiwa da gata-faca, ƙaron wata bishiya ta yankin Malesiya, wanda har yau shi ake amfani da shi. Kashe zafi a wuri guda ya fara da koken a hannun Carl Koller a Biyana a 1884, aka sami nobokain a 1905, sannan lidokain a Suwidin a 1943, wanda shi ne ruwan allurar da aka fi yi wa mutane yanzu. Röntgen ya gano hasken da ke ratsa tsoka a ƙarshen 1895, kuma 'yan makonni bayan haka Otto Walkhoff ya ɗauki hoton haƙoransa da kansa, ya kwanta minti 25 a ƙarƙashin na'urar. Littafin Louis Grossman na Filadelfiya, wanda ya tsara aikin daki-daki, sai a 1940 ya fito. Wato ko a ƙasashen da suka ƙera kayan, aikin bai zama abin dogaro ba sai tsakiyar ƙarni na 20.

To, a waɗannan shekarun me ake ciki a Tamale? Turawa sun ɗauki Yankunan Arewa a matsayin rumbun leburori: matasa su gangara ramukan zinariya na Tarkwa da Obuasi, ko gonakin koko na Asante, ko su shiga soja da ɗan sanda. Layin dogo da aka sha alkawari bai taɓa isowa ba. An buɗe makarantar gwamnati ta farko a Tamale a 1909, amma sakandare sai 1951, alhali Mfantsipim ta Cape Coast tana nan tun 1876. Tazarar shekara 75 ke nan, kuma yankin da ba shi da sakandare ba zai haifi likita ba, balle likitan haƙori. Aikin lafiyar da aka yi a arewa na yaƙi da annoba ne, ciwon barci da sanƙarau da kuturta da makantar bakin kogi, ta hannun ayarin ma'aikata masu yawo ƙauye-ƙauye waɗanda cibiyarsu take Kintampo. Ba na ganin laifin wannan fifiko, domin cututtukan suna tashin garuruwa ne ɗungum. Amma sakamakonsa shi ne baki bai shiga lissafi ba. Babban asibitin yanki, wanda yau ya zama Asibitin Koyarwa na Tamale, a watan Fabrairu 1974 aka buɗe shi, zamanin mulkin Acheampong. Madatsar Akosombo ta fara ba da wuta a 1965 da ruwan kogin Volta da ke gangarowa ta arewa, amma layin wutar bai iso Tamale ba sai wajen 1990. Kafin nan injin dizal ne. Ruwa kuwa, ya isa a tuna cewa a 2007 kurkunu ya ɓarke a Savelugu, tafiyar ƙasa da awa guda daga Tamale, lokacin da famfo ya ƙafe, kuma sai a 2010 aka ga mai kurkunu na ƙarshe a Ghana. Garin da ke fama da kurkunu a ƙarni na 21, ba a tambayarsa dalilin da ya sa bai rungumi aikin da ke buƙatar tsabta irin ta ɗakin tiyata ba.

Hannun da zai yi aikin ya fi komai makara. Shekaru da dama bayan samun 'yancin kai a 1957, ɗalibin Ghana mai son likitancin haƙori sai ya ƙarasa karatunsa a waje, a Legas ko Landan ko Manchesta, kuma ba duka ke komowa ba. Makarantar likitocin haƙori ta Jami'ar Ghana a Korle Bu ta tsaya da ƙafarta ne a tsakiyar shekarun 1990, ta Kumasi kuma ta biyo baya da fiye da shekara goma. Duka biyun a kudu suke, kuma wanda ya yi karatu a Akra, ya yi aure a Akra, ya ga inda masu iya biya suke, ba ƙaramin abu ne zai sa ya ɗauki hanyar kilomita 600 zuwa arewa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a yankinta na Afirka likitocin haƙori ba su wuce 3 da ɗoriya ga kowane mutum 100,000 ba, kusan kashi ɗaya cikin goma na matsakaicin duniya, kuma ɗan abin da Ghana ke da shi ya taru ne a Akra da Kumasi. Jami'ar Nazarin Ci Gaba da aka kafa a Tamale a 1992 ta sauya labarin likitanci a arewa, kwalejin Kintampo tana horar da jami'an lafiyar baki masu matsakaicin matsayi, kuma yau akwai sashen haƙori a asibitin koyarwa da wasu ɗakunan shan magani masu zaman kansu a cikin gari inda ake aikin jijiya. Sai dai asibitin koyarwar nan shi ne maƙurar turawa ga yankuna biyar na arewa, daga Bole har Bawku.

Cutar kuwa ba ta jira kowa ba. Mutumin savana na da, mai cin tuwon dawa da gero da doya, wanda zaƙinsa bai wuce zuma da ɗorawa da rake na lokaci-lokaci ba, kogon haƙori bai dame shi sosai ba. Ciwon dasashi da zaizayewar haƙori sun fi yawa. Asawaki ya taimaka, har da na dogon yaro, bishiyar da aka shigo da ita daga Indiya zamanin Gwamna Guggisberg, tsakanin 1919 da 1927, ta kuma mamaye arewa. Sannan sukari ya yi arha. Ya shiga koko da fura, ya shiga kofin mai shayi tare da madarar gwangwani, ya shiga alawa da biskit da lemon roba da ake saya wa yara a ƙofar makaranta, har gwamnati ta ɗora harajin kashi 20 cikin ɗari a kan abin sha mai zaƙi a 2023. Har yanzu yaran Ghana ba su kai na ƙasashe da yawa kogon haƙori ba, amma kusan duk kogon da ya samu ba a cike shi, sai ya yi ta ci har ya kai jijiya. Wanda ya fi shan wahala shi ne turmin farko na dindindin, mai fitowa a shekara 6 a bayan haƙoran nono ba tare da wani ya faɗi ba. Iyaye sukan ɗauka na nono ne, za a yi famfararsa, sai a ƙyale shi.

Nan ne maganar kuɗi ta shigo, kuma a ganina nan ne gizo yake saƙa. Daga 1985 aka tsananta karɓar kuɗi a asibitocin gwamnati, abin da ya rikiɗe ya zama tsarin nan na biya kafin a taɓa ka. Dokar inshorar lafiya ta 2003, zamanin Shugaba Kufuor, wadda aka sabunta a 2012, ta zo ne don ta kawar da wannan, kuma ta yi wa talakan arewa rana a wurare da yawa. Amma a duba abin da jerin ayyukanta ya tanada wa baki: rage zafi, wato tsaga kumburi a zubar da mugunya da cire haƙori, sai kuma ɗan ciko mai sauƙi na amalgam da toshiyar wucin gadi. Aikin jijiya ba ya cikin jerin, hula ba ta ciki, haƙoran roba kuwa an ambace su da suna cikin abubuwan da ba a biya. Ka ɗauki mai sayar da hatsi a kasuwar Aboabo da ta kwana uku ba barci, katin inshora a hannunta. An ce mata ga hanya biyu: a cire yau katinki ya biya, ko a yi aikin jijiya ki biya daga ɗaurin zanenki, ki kuma komo sau biyu, sannan ki nemi kuɗin hula. In ta zaɓi cirewa, lissafi ta yi, kuma lissafinta daidai ne. Da babu gara ba daɗi. Abin da dokar ta yi shi ne ta ɗauko zaɓin da wanzami yake da shi a 1907, ta sa masa allura da safar hannu, ta buga masa hatimin gwamnati. Wanda ke shakkar cewa tsarin biya da koyarwar likitoci ne ke yanke wa haƙori hukunci, ya dubi Ingila: binciken ƙasa na 1968 ya gano kashi 37 cikin ɗari na manya a Ingila da Wales ba su da haƙorin Allah ko ɗaya a baki. Ba wanda ya ce al'adar gargajiya ce ta cinye su.

Adadin nan na Ingila yana da tushe, kuma tushen ne amsar suka ta farko da ake yi wa aikin jijiya, wadda yanzu take yawo a WhatsApp: wai haƙorin da aka kashe wa jijiya gawa ce a baki, tana zuba guba a jini. Maganar tsohuwa ce. A 1910 likitan Ingila William Hunter ya yi lacca a Jami'ar McGill ta Kanada yana zargin likitocin haƙori da rufe ruɓa a ƙarƙashin zinariya. A kan aikin zamaninsa yana da gaskiya, domin ana yi ne ba hoto ba tsabta. Amma sai aka zarce. Frank Billings na Chicago da Weston Price, wanda ya wallafa gwaje-gwajensa na dasa haƙoran mutane a jikin zomaye a 1923, suka yaɗa cewa ciwon gaɓoɓi da na zuciya da na ƙoda duk daga haƙori suke, aka yi ta zube wa mutane haƙora, masu ciwo da lafiyayyu, har kusan shekara talatin. A 1938 Cecil da Angevine suka bi sawun masu ciwon gaɓoɓi 200, ba su ga wani amfanin kirki da cire-ciren ya yi ba, kuma waɗanda suka maimaita gwajin Price cikin tsabta ba su sami abin da ya samu ba. A 1965 Kakehashi da abokan aikinsa suka nuna a jikin ɓerayen da aka raina ba ƙwayar cuta ko ɗaya cewa jijiyar da aka buɗe takan warke in babu ƙwayoyin cuta. Ashe abokin gaba ƙwayar cuta ce, ba rashin jijiya ba. Haƙorin da aka yi wa aiki yana nan riƙe da ƙashi ta wani rayayyen tantani da ke kewaye da saiwarsa, kuma nazarce-nazarcen da aka tattara sun nuna kusan tara cikin goma suna nan suna tauna bayan shekaru. Wani fim da ya farfaɗo da maganar Price kuwa, Netflix ta janye shi a 2019. Inda sukar take da ƙamshin gaskiya shi ne aikin da aka yi rabi da rabi, ba roba ba hoto, lalle yakan bar cuta a ƙashi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Za a ce yankin da zazzaɓin cizon sauro ke kashe yara, mata ke mutuwa wurin haihuwa, asusun inshora kuma ya sha jinkirin biyan asibitoci, ina shi ina kashe awa biyu na likita a kan haƙori ɗaya, alhali a wannan lokacin zai cire shida? Na yarda da mafi yawan wannan. Ba kowane haƙori ne ya cancanci ceto ba, kuma likitoci sun daɗe da nuna cewa mai haƙora 20 masu haɗuwa da juna zai ci tuwonsa da namansa lafiya. Na kuma yarda cewa sidi ɗaya da aka kashe a kan man goge baki mai fuloraid, ko a kan cikon da ake yi da kayan hannu ba wuta ba inji, dabarar da Jo Frencken ya fara a Tanzaniya a shekarun 1980, ya fi sidi goma a kan aikin jijiya. Amma masu wannan suka suna lissafa kuɗin cirewa kamar a ranar aka gama biya. Giɓi yana da nasa kuɗin. Maƙwabtan haƙorin sukan karkato, na sama ya zazzago, abinci ya riƙa maƙalewa, na kusa ya kama ruɓa, bayan 'yan shekaru a komo a cire na biyu. Budurwa ko malamin makaranta da ya rasa haƙorin gaba zai nemi na roba, wanda inshora ba ta biya. Sannan akwai wanda tsoron giɓi ke sa shi ya ƙi zuwa sam, ya yi ta sayen amoksisilin da Flagyl a kemis, wani har ya ɗiga ruwan batir a kogon, sai ranar da kumburi daga turmin ƙasa ya gangara ƙarƙashin harshe ya shaƙe maƙogwaro, cutar da likitan Jamus Ludwig ya siffanta a 1836. Wannan majinyaci gado zai kwanta, tiyata za a yi masa cikin dare, wani lokaci a huda masa wuya don ya yi numfashi, kuma ba kowa ke tashi ba. Kuɗin kwanciyarsa ya isa a ceci haƙora da yawa.

Suka ta uku daga bakin ma'aikatan lafiya take fitowa: mutane ba sa zuwa sai haƙori ya rududduge, babu abin da za a ceta, kuma da bakinsu suke cewa a cire. Haka ne, amma a tambayi abin da ya koya musu jinkirin. Wanda ya san cewa ko ya je da wuri ko ya je a makare cirewa za a yi, don me zai yi sammako? Zai riƙe abinsa har sai zafi ya fi ƙarfinsa. Manomin da ke Karaga ko Zabzugu, wanda zuwa Tamale ke cin masa yini da kuɗin mota a tsakiyar damina, ba zai ɗauki maganin da ke son zuwa uku ba. Batun cewa mutanen nan ba sa kashe kuɗi a kan haƙori kuwa, haƙorin Makka ya ƙaryata shi. Alhazai da hajiyoyin Tamale, kamar na Kano da Maraɗi, sun daɗe suna zama a kujerar mai sa haƙori a Saudiyya a lulluɓe musu lafiyayyen haƙori da zinariya ko azurfa, su biya da riyal ba tare da kowa ya yi musu wa'azin lafiyar baki ba. Sun ga abin da za su samu, sun ga farashinsa, an gama a zama ɗaya. Inda aka gabatar da aikin haƙori a haka, ana saye.

Don haka gyaran da tarihin nan yake nunawa ba mai girma ba ne. Ba a ce inshora ta biya wa kowa aikin jijiya a kowane turmi ba. Haƙoran gaba masu hanya ɗaya sun fi sauƙi, sun fi arha, sau da yawa ana gama su a zama ɗaya ba tare da hula ba, kuma su ne rashinsu ya fi taɓa mutuncin mutum. Su da turmin farko na yaro da matashi sun isa a fara da su. Ƙaramar na'urar hoton haƙori da tukunyar dafa kaya a asibitocin gunduma irin na Yendi da Savelugu da Salaga za su rage tafiyar, jami'an da Kintampo ke yayewa kuma su riƙa cike kogo a makarantu tun bai kai jijiya ba. Lokacin taɓa jerin ma ya zo ko ba a so. Cikon da dokar ta ambata da suna, amalgam, kusan rabinsa sinadarin makyuri ne, kuma Ghana tana cikin Yarjejeniyar Minamata ta 2013 mai taƙaita amfani da shi. A taron ƙasashen yarjejeniyar da aka yi a Janiba a watan Nuwamba 2025 an amince a daina amalgam nan da 2034. Dole hukumar inshora ta sake rubuta sashen baki na jerinta kafin wannan shekara, ta sa sabon abin ciko, ta yanka masa sabon farashi, kuma a wannan zaman ne likitocin arewa da 'yan majalisar Tamale ya kamata su kai maganar haƙoran gaba da turmin shekara shida.